Yadda Ake Mayar da Ɗan Robar Gwanjo Ɗan Dambe

A cikin tulin kayan wasan gwanjo na tsince shi a Babbar Kasuwar Sakkwato, yana kwance tsakanin wata mota marar taya da 'yar tsana mai gashi kamar gemun masara. Ɗan kokawar Turawa ne na roba, tsawonsa bai kai taƙi ba. Fentin fuskarsa ya goge, hancin ya koɗe, amma gaɓoɓinsa lafiya lau: kafaɗa na juyawa, gwiwa na lanƙwasa, wuya na waigawa. Yau yana tsaye a kan kabad ɗina, baƙin mutum mai ƙirji, hannun dama naɗe da zare, ga walki na jar fata da layu a damtse, ya ja tunga kamar mai jiran a buga masa kalangu. Kwana tara aikin ya ci, kuma mafi yawan kwanakin na jira ne. Duk wanda ke da haƙurin jiran fenti ya bushe zai iya yin irinsa.

Irin waɗannan 'yan roba masu gaɓoɓi sun samo asali ne daga Amurka. A 1964 kamfanin Hasbro ya fito da G.I. Joe, soja mai tsawon inci 12, aka ƙi kiransa 'yar tsana don kada yara maza su guje shi. Daga baya ƙanana masu inci 3.75 suka cika kasuwa, sannan masu inci 6 zuwa 7, waɗanda ake samu a gwanjo, musamman 'yan kokawar WWE, wato kokawar Amurka da ake nunawa a talabijin, waɗanda kamfanin Mattel ke yi tun 2010. Mai inci 6 nake ba mai koyo shawarar ya nema. Yana da girman da hannu zai iya riƙewa, kuma lissafinsa mai sauƙi ne: kashi ɗaya ne cikin 12 na mutum. Layar da a zahiri take santimita 6, a jikinsa rabin santimita ce. Ka riƙe wannan lissafin, zai yi maka amfani a gaba.

Na san a garin nan ba a rasa mai tambaya game da hukuncin mutum-mutumi, kuma tambayar tana kan hanya. Malamai sun yi magana mai tsawo a kai, kuma ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yan tsana. Ni a matsayin kayan wasan yaran gidanmu nake yinsu. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa kafin ya fara; yawancin dabarun nan suna aiki a kan motar roba da jirgi da gidan wasa.

Ka fara sanin robar da ke hannunka

Kafin ka sayi komai, ka matsa ɗan robar da yatsa. Za ka ji gangar jikinsa da tauri, idan ka ƙwanƙwasa da farce tana ƙara. Wannan ita ce robar da ake kira ABS. Kai da hannuwa da ƙafafu kuwa za ka ji suna ɗan lotsawa, su PVC ne. Duk nasara ko asarar aikin nan a kan wannan bambancin take.

Na farkon da na taɓa yi wa fenti, fentin mai na saya a wani shago, irin na ƙofa da taga, don shi ne mai araha kuma yana sheƙi. Gangar jikin ta bushe a kwana biyu. Hannuwa da kai kuwa har yau ba su bushe ba. Sati ya wuce, wata ya wuce, in ka taɓa sai yatsa ya manne. Hunturu ya shigo, ƙura ta bi danƙon ta zauna, ɗan robar ya koma kamar an birkiɗa shi a gari. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, don ƙanena na yi wa alkawarinsa. Dalilin shi ne, ana zuba wa PVC wani sinadari mai sa ta laushi, kuma fentin mai ba ya jituwa da shi, sai ya ƙi kamawa har abada. Yawancin fentin feshi na gwangwani da masu gyaran babur ke amfani da shi ma haka yake yi.

Saboda haka fenti ɗaya ne naka: akirilik, wanda ake tsinkawa da ruwa amma idan ya bushe ruwa ba ya wanke shi. Masu wannan sana'a a waje suna amfani da Vallejo na Sifen ko Citadel na Ingila, masu kyau ne in ka samu mai kawo maka. Amma akirilik na tub da masu zane ke saye a shagunan littattafai ya wadatar, da shi na yi nawa. Kar a haɗa ka da fentin fosta na 'yan makaranta, shi gumin hannu kaɗai yana narkar da shi. Kala biyar sun isa: fari, baƙi, ja, rawaya da shuɗi. In ka samu ruwan ƙasa mai duhu, ka ƙara.

Sauran kaya ba su da wuya. Buroshi uku, ɗaya mai faɗi, ɗaya matsakaici, ɗaya mai tsini sosai. Sanfefa mai laushi, lamba 400 da 800. Reza, tsinken sakace, tsohon buroshin haƙori, sabulun wanke-wanke, sufa gulu, farin gam na kafintoci irin Top Bond, banish na ruwa marar sheƙi, da roba mai murfi wadda za ta rufe ɗan robar gaba ɗaya.

Rarrabawa da wanki

Ka tafasa ruwa, ka sauke, ka bar shi ya huce na minti ɗaya ko biyu, ka zuba a kofi. Tsoma kan ɗan robar na sakan 40 zuwa minti ɗaya. Robar za ta yi laushi kamar tuwon da bai kwana ba. Ka riƙe da tsumma ka ja a miƙe, kan zai fito daga ƙusarsa da 'yar ƙara. Haka za ka yi wa tafin hannu. Kar ka murɗa, kar ka ja da sanyi, a nan ne ƙusar ke karyewa. In ka ji ya ƙi, mayar da shi cikin ruwa. Gangar jiki kuwa ka bar ta yadda take, galibi a manne take tun daga masana'anta.

Wannan ruwan zafin yana da wani amfanin. 'Yan gwanjo da yawa ƙafafunsu sun karkace saboda dannewa a cikin dila. Ka tsoma ƙafar ta yi laushi, ka miƙe ta da hannu, ka tsoma a ruwan sanyi kana riƙe da ita. Za ta tsaya a yadda ka bar ta. Da haka na buɗe yatsun hagun nawa, domin ɗan dambe hannu ɗaya yake naɗewa, ɗayan a buɗe yake miƙa shi gaba yana tare abokin karawa.

Daga nan sai wanka da sabulu da buroshin haƙori, lungu-lungu, har cikin hammata da tsakanin yatsu. Akwai maiƙon masana'anta, ga na hannun yaran da suka yi wasa da shi a wata ƙasa, kuma fenti ba ya zama a kan maiƙo. Ka ɗauraye, ka bar shi ya kwana.

Idan akwai zane a jiki ko tambari a wando, ruwan goge jan farce mai asiton yana ɗauke shi daga roba mai laushi: ka ɗiga a auduga, ka shafa da sauri, ka wanke. Amma kar ya taɓa gangar jiki, yana narkar da ABS nan take, ya bar tabon da ba ya gyaruwa. A can sanfefa za ka sa. Ka yi wannan a tsakar gida, nesa da murhu, don asiton yana kama wuta.

Gaɓoɓi

Wannan matakin ne kowa ke son tsallakewa, kuma shi ne ke raba aikin da zai daɗe da wanda zai lalace ranar farko. A kafaɗa da gwiwar hannu da gwiwar ƙafa, roba na gugar roba. In ka ɗora fenti a wurin ba tare da ka rage naman robar ba, lanƙwasawa ɗaya za ta kankare shi, farar fatar Bature ta leƙo daga ƙarƙashin baƙar.

Ga yadda nake gane wurin. Ina shafa alli a gaɓar, in motsa ta sau goma, duk inda allin ya goge nan ne ake guga. Sai in naɗe sanfefa 400 a tsinke, in jiƙa, in yi ta cin wurin a hankali har sai siririyar takarda ta iya ratsawa tsakanin ɓangarorin biyu. Sannan in bi da 800 don ya yi sumul. Gaɓa ɗaya tana iya cin minti 20. Ka jiƙa sanfefar kullum don kada ka shaƙi garin roba. Bayan gaɓoɓi, ka bi duk jikin da 800 sama-sama, ka kashe sheƙin kawai, fenti ya samu abin kamawa.

Nawa yana da dogon gashi har kafaɗa, na yanke da reza tun robar tana da ɗumi, ina yanka ina nesa da yatsuna. Ramukan da suka rage na cike da sufa gulu, na barbaɗa bekin soda a kai. Haɗin nan yana daskarewa cikin sakanni ya yi tauri kamar dutse, sai a goge da sanfefa. Takalman kokawar ma na rage musu kauri. Wanda ke son ƙera sabon abu, kamar gemu ko hula, ya nemi Milliput, ƙullu biyu ne da ake murzawa tare, yana taurara cikin awa uku zuwa huɗu. A zafinmu yana riga haka, don haka ka kwaɓa kaɗan-kaɗan.

Fenti, da rana, da ƙura

Waɗanda suka rubuta ƙa'idojin wannan aiki a ƙasashen sanyi suke, mu kuwa a watan Afrilu zafi na haura digiri 40. Ɗigon akirilik a kan faranti yana yin fata kafin ka wanke buroshi. Maganinsa ɗan akushi mai danshi: ka sami roba mai murfi marar zurfi, ka shimfiɗa soso siriri ko tishu ninki huɗu, ka jiƙa sosai, ka ɗora takardar gashin kek a kai. A kan takardar za ka riƙa haɗa kala. Danshin yana ratsowa daga ƙasa, fentin ya yi awanni bai bushe ba. Lokacin aiki kuma bayan sallar Asuba zuwa hantsi, ko bayan Isha'i in akwai wuta. Ka kashe fanka.

Kar ka taɓa shanya shi a rana don ya yi saurin bushewa. Ranar Sakkwato tana yi wa PVC abin da ruwan zafi ke yi, ka dawo ka tarar ƙafafu sun bauɗe. A lokacin hazo kuma, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kana ajiye buroshi ka kifa masa robar nan mai murfi. Ƙurar hunturu ba a ganin saukarta, sai fenti ya bushe ka shafa ka ji kamar bango.

Ka soke kowane ɓangare a tsinke ko sandar tsire don kada yatsa ya taɓa shi. Shafin farko shimfiɗa ce: in ka samu firaima, wato fentin share fage, na akirilik da ake shafawa da buroshi, to madalla, in babu, ruwan ƙasa mai duhu da aka tsinka ya isa tunda ka riga ka goge jikin. Kaurin fentin ya zama kamar madara, ba kamar kindirmo ba. Shafin farko zai yi muni, dabbare-dabbare, ana hango robar ta ƙasa. Haka ake so. Ka bar shi minti 30, ka sake, ka sake. Shafi huɗu sirara sun fi ɗaya mai kauri nesa ba kusa ba, domin mai kauri yana cike layukan tsoka da na fuska, ya bar sawun buroshi, kuma shi ne ke ɓamɓarewa kamar ɓawon albasa.

Launin fata shi ne inda na fi daɗewa, kuma inda na fi jin daɗi. Ka haɗa ja da rawaya su ba ka ruwan lemo, ka riƙa ɗiga shuɗi kaɗan-kaɗan har ya koma ruwan ƙasa. Kana son ya ƙara duhu, ƙara shuɗi da ja, kar ka yi saurin kai hannu ga baƙi, yana kashe kalar. Ka shafa ɗigo a bayan hannunka ka fita haske ka gwada. Za ka lura fatarmu ba baƙa ba ce kamar gawayi, akwai ja a cikinta, akwai ɗumi. Akirilik yana ƙara duhu idan ya bushe, don haka ka tsaya kafin ka kai inda kake so. Ka haɗa da yawa, ka ɗebi rabi ka rufe a 'yar kwalba.

Bayan fatar ta zauna ta kwana, sai inuwa. Ka ɗauki ruwan ƙasa mafi duhu, ka tsinka shi sosai har ya zama kamar baƙin shayi, ka ɗiga ɗan ruwan sabulu kamar kan allura don ya gudana. Ka shafa a jiki, zai gangara da kansa ya taru a ƙarƙashin ƙirji, tsakanin tsokokin ciki, bayan kunne. Inda ya yi tafki ka tsotse da busasshen buroshi. Nan take za ka ga mutum ya fito daga cikin robar.

Haske kuma akasin haka ne. Ka ƙara wa kalar fatar ɗan rawaya da ja, ka ɗiba da buroshi mai faɗi, ka goge a tsumma har ya zama kamar ba komai a jikinsa, sannan ka riƙa share saman kafaɗa, ƙirji, goshi da karan hanci. Abin da ya tudu ne kawai zai ɗauka. Kar ka haska baƙar fata da fari. Fari yana mayar da ita toka-toka, kamar ƙafar yaron da ya fita cikin hunturu bai shafa mai ba. Tafin hannu da na ƙafa ka yi musu kala mai ɗan haske da ja-ja, ƙaramin abu ne amma ido na lura da shi.

Ido da tsinken sakace nake yi. Fari da aka karya da ɗigon ruwan ƙasa, layi siriri, ya bushe, sannan ɗigon baƙi wanda ya taɓa fatar ido ta sama. In ɗigon ya tsaya a tsakiya fari ya kewaye shi, zai zama kamar wanda ya firgita. Ka dafa gwiwar hannunka a kan tebur, ka haɗa tafukan hannunka biyu, ka riƙe numfashi. In ya karkace, ka rufe da kalar fata ka sake, ni sau uku na yi na hagu.

Daga nan banish marar sheƙi, shafi biyu sirara, awa biyu tsakaninsu. A gaɓoɓi ka ƙara na uku. Ka ba shi kwana biyu cur a rufe kafin ka mayar da kai da hannuwa, kuma wannan karon bakin ramin kawai za ka ɗumama, da handiraya, wato na'urar busar da gashi, ko ɗigon ruwan zafi.

Walki, layu da ɗaurin hannu

Na je shiyyar Madunka neman guntayen fata. Wani dattijon baduku yana zaune a kan buzu yana ɗinkin fuskar matashi, na gaishe shi na ce, "Baba, ragowar yankan nan nake so in saya." Ya dube ni ya ce, "Mi za ka yi da su, ɗana? Wanga ko laya ba ya yi." Na ciro ɗan damben daga aljihu na miƙa masa. Ya juya shi, ya ɗaga hannun, ya sauke, ya daɗe yana kallon fuskar. Sai ya zaɓo mini jar fata mafi laushi a cikin tarin, ya kifa ta a kan katako, ya nuna mini yadda ake kwantar da wuƙa a shafe bayanta har ta yi siriri kamar ganye. Ya ƙi karɓar ko sisi.

Fatar jar akuyar Sakkwato ta dace da wannan aiki fiye da kowace, saboda ƙwayar fuskarta ƙanana ce kuma tana jure a rage mata kauri ba ta yage ba. Ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa suka saya a hannun mutanen Maroko suka laƙaba mata sunan can. A jikin ɗan roba mai inci 6, fata mai kauri tana tsayawa ƙiƙam kamar kwali, don haka sai ka shafe ta sosai.

Ka fara yanka walkin a takarda, ka gwada a ƙugunsa, ka gyara, sannan ka ɗora a fata ka yanka. Ka tsaga bakin ƙasa da reza ya yi tuntaye, ka jiƙa fatar kaɗan, ka ɗaura da zare ta bushe a jikinsa don ta ɗauki siffar ƙugun. Layu kuwa guntun kwali ne mai rabin santimita, a naɗe da fata, a manne a bayansa, a jera uku ko huɗu a zare a ɗaura a damtse. Guru kuma siririyar fata ce da aka murɗa.

Ɗaurin hannu shi ne ƙarshe. Ka naɗe dunƙulen da ɗan ƙyalle siriri, ka shafa farin gam, ka fara naɗa zare daga wuyan hannu zuwa sama, zagaye na bin zagaye ba rata, ka dawo ƙasa ka soke bakin a ƙarƙashi da allura. A nan kar ka yi amfani da sufa gulu. Idan ya haɗu da auduga yana yin zafi har ya yi hayaƙi ya ƙone yatsa, kuma tururinsa yana barin farin dusa a kan fenti. Farin zare yana yin sabo da yawa, sai ka shafa masa ruwan inuwar nan ya yi kamar ya sha ƙasar fage.

Fagen ma ka yi masa. Murfin kwalba mai faɗi ko guntun filawud, a shafe da farin gam, a tankaɗa yashi da rariya a barbaɗa. Ni daga bakin gulbin Rima na ɗebo nawa. In ya bushe ka sake bin sa da gam da aka tsinka da ruwa don kada ya zube. Ka huda ƙaramin rami, ka kafa guntuwar waya, ta shiga ramin da ke ƙasan diddigensa.

Wanda aka yi wa layu ƙanana haka ba na yaron da bai kai shekara uku ba ne, zai kai baki. Ka ajiye shi nesa da taga, ka riƙa kaɗe masa ƙura da buroshi mai laushi, ban da jiƙaƙƙen tsumma saboda fatar. In bayan wata biyu ka ga gwiwa ta ɗan goge, ka sake cin wurin da sanfefa, ka buɗe 'yar kwalbar nan da ka ajiye ka taɓa wurin, ka bi da banish.